Koren Allo a Tafkin Haji Momon

Hazo bai gama tashi daga gonakin shinkafa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a gefen tafkin Haji Momon. Sufeto Oding Suparta ya ajiye shayinsa da ko rabi bai sha ba, ya ce wa Saje Iyus ya tayar da mota.

Mu nan tsaunukan yammacin Jawa, idan damina ta zauna, ba wanda ke farkawa sosai. Gajimare yakan sauko har bakin ƙofa, mutum ya yi sallah, ya ci abinci, ya tafi gona, duk kamar bai gama mafarki ba. Shi kuwa Sufeto Oding ko da rani haka yake, ido rabi a rufe, magana a ja. Ɓarayi da yawa sun ɗauka barci yake ji, yawancinsu suna gidan yari yanzu suna sake tunani.

Tafkin ba wani babba ba ne. Ƙaramin rafi ne Haji Momon ya tare da tudun ƙasa mai tsayin rufin masallaci, ya zuba kifi, ya jera rumfunan gora a gefe. Ran Asabar da Lahadi maza sukan zo daga birnin Bandung su zauna da fatsa, su huta da surutun gida. Daga gefen tudun akwai magudana mai sauka da rarar ruwa zuwa kogi, a cikinta aka sami mamacin.

Aki Sarkawi ne, tsohon nan mai kiwon agwagi. Matarsa ce ta fara ganinsa.

"Santsi ne ya kwashe shi, yallabai," in ji Saje Iyus. "Ga tsufa, ga hazo."

Sufeto ya durƙusa ya tsoma hannu cikin magudanar. Ruwan bai rufe masa wuyan hannu ba.

"Tun farkon mako ake tsuga ruwa, Iyus. Ina ruwan magudanar nan ya tafi?"

Saje ya leƙa magudanar.

Likita ya duba ya ce akwai rauni a ƙeya, amma ruwa ne ya kashe tsohon. A aljihun rigarsa kuma an sami ƙwayoyin abincin kifi da suka jiƙe, irin wanda ake watsawa a tafki. Wato ba a nan ya nutse ba, kawo shi aka yi.

Hankalin Sufeto kuwa yana wani wuri. Silifan mamacin yake kallo. Suna bakin magudanar, a jere, dunduniya wajen ruwa, baki wajen hanya, kamar mai su zai fito ya zura ƙafa ya wuce. Ya daɗe yana kallonsu har Saje ya yi gyaran murya.

Gidan mamacin yana nan kusa, a gindin tudun ƙasan daidai, gidan gora ne a kan ƙafafu. Idan ka tsaya a ƙofarsa ka ɗaga kai, ba ka ganin sama sai ka fara ganin tudu, bayan tudun kuwa ruwa ne cike. Matar, Nini Onah, tana zaune a dakali da carbi, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta a bushe.

Sufeto ya yi mata ta'aziyya daga tsaye. Ta ce Aki ya fita bayan sallar asuba da laujensa, ya ce zai je ya buɗe wa ruwa hanya. Ba a ga laujen a wajen gawar ba.

"Wane ruwa, Nini?"

Ta nuna ƙarƙashin gidan da haɓa. Sufeto ya sunkuya. Daga gindin tudun wani ruwa yana tsattsafowa a hankali, ja ne, mai laka, ya ratsa ƙarƙashin ɗakin ya bi ta tsakanin agwagi. Shi ba injiniya ba ne, amma ya san wannan ba alheri ba ne. Ruwan da ya fito da ƙasa a jikinsa, daga cikin tudun ya kwaso ta.

Ya roƙe ta ta tattara kayanta ta koma gidan dagaci a can saman gari, ko na yau kaɗai. Ta girgiza kai.

"Ba inda za ni, ɗana. Sai wanda ya yi ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

"Nini, tudun nan zai iya ɓallewa."

"To ku yi sauri."

Ya san irin tsofaffinmu. Idan ka ce za ka ɗauke ta da ƙarfi, za ta riƙe ginshiƙi, ƙauye ya taru, a wuni ana ba da baki. Ya dubi sama, gajimare yana ƙara duhu ta wajen dutse. Ya hau matakala zuwa kan tudu.

A bakin ƙofar tafkin akwai koren allo na hukuma, an wanke shi tas: madatsa mai ƙaramin haɗari. A ƙarƙashinsa Haji Momon yake tsaye, ƙato, da farar hula da sigarin kanumfari, yana kallon ma'aikata suna ɗaura tutoci saboda gasar kamun kifi ta ranar Lahadi.

Haji ya yi salati, ya yi jimami, ya ce Aki mutumin kirki ne. Da asuba shi yana masallacin gari, liman da jama'a shaida ne. Da aka yi maganar ruwan da ke tsattsafowa, sai ya bubbuga allon da yatsa.

"Ranka ya daɗe, karanta mana. Kore ne. Hukuma ce ta rubuta, ba ni ba."

"Mutum nawa ke kwana a ƙasan tudun nan, Haji?"

"Mutum? Ai rumfar agwagi ce. Da rana suke zuwa."

"Akwai gado da tukunya da hoton aure a rumfar agwaginka."

Haji ya shiga tari, ya ɗora wa sigarin laifi.

Sufeto ya sa aka kira wadda ta duba madatsar, Injiniya Nenden, matashiya mai tabarau. Ta zo a babur, rigar ruwanta tana ɗiga. Tana ganin jan ruwan nan fuskarta ta sauya.

Ita ce ta warware masa abin da yawancinmu ba mu sani ba. Launin allon ba ƙarfin tudun yake faɗa ba. Abin da yake faɗa shi ne, idan tudun ya ɓalle, wa ruwa zai tarar. Idan gona ce da ciyawa, kore. Idan akwai ko mutum ɗaya da ke kwana a hanyar ruwan, ja ne, kuma dole mai tafki ya faɗaɗa mafitar ruwa, ya zuba siminti, a riƙa zuwa dubawa kowace damina.

"Ranar da kika zo, me kika gani a ƙasa?"

"Rumfa, yallabai. An jibge bambaro a dakali, agwagi cike da ɗakin. Har leƙawa na yi."

Ta ce a nuna mata mafitar ruwan. Suka bi kan tudu a cikin hazo, tafkin yana hagunsu shiru, ya cika har yana lasar ciyawa. Rumfunan gora sun yi kamar suna yawo a iska. Can a ƙarshen tudun suka ga inda ruwan magudanar ya tafi. An toshe mafitar da katako, ɗaya kan ɗaya, don ruwa ya hau tafki ya yi kyau ranar gasa. A saman katakon, inda ɗan rarar ruwa zai iya wucewa, an ɗaura shuɗiyar raga, ganye da kainuwa sun liƙe ta kamar tabarma.

Injiniya ta dafe kai. Ta ce wannan cutar masu tafkin kifi ce, kowa tsoron kada kifinsa ya gudu, sai ya ɗaure bakin ruwa da raga ya manta ruwa ma fita yake so.

A cikin kwale-kwale kusa da ragar wani mutum yana zaune yana watsa abinci. Karna ne, mai kula da tafkin, mutum ne da ya haura arba'in, siriri, mara magana. Maraya ne da Aki da Nini suka raina tun yana rarrafe. Ruwan gabansa ya motsa, wani ƙaton kifi mai ruwan zinariya ya taso a hankali, ya karɓi abinci daga tafin hannunsa, ya juya ya nutse. Macen kifi ce, sunanta Geulis, wadda duk masu fatsar Bandung ke mafarkinta, har yau ba wanda ya taɓa kamawa. Karna ne ya raine ta tun tana kamar yatsa, kuma kowa ya san da ita yake hira, tunda ba ya yi da mutane.

"Karna, ina kake da asuba?"

"A rumfa ta can ƙarshe, yallabai. Barci ya ɗauke ni bayan sallah."

"Ba ka ji komai ba?"

"Kwaɗi kawai."

Sufeto ya miƙa hannu ya shafa ragar. A tsakiyarta akwai wani dogon yanka da aka ɗinke da farin zare, sabo fil, ko gansakuka bai kama shi ba. Karna ya ce ƙaguwa ce ta yaga tun makon jiya. Sufeto ya gyaɗa kai kamar mai gyangyaɗi.

Injiniya ta ce a fara cire katakon yanzu. Amma ko an cire a hankali, magudanar za ta cika ta yi ambaliya, kuma gidan Nini yana bakinta. Sai tsohuwar ta tashi tukuna. Yayyafi ya fara sauka.

Sufeto ya koma gidan. Wannan karon ya cire takalmansa a dakali, ya shiga ya zauna a tabarma. Nini ta zuba masa shayi marar sukari. Ta ƙasan gorar da suke zaune ana jin ruwa yana wucewa.

Ya tambaye ta ko agwagi sun taɓa kwana a ɗakin nan. Sai ga murmushi a fuskarta, na farko tun safe.

Sau ɗaya, in ji ta, ranar da suka je teku. Bara ne, Haji ya aiko da mota ya ce tsofaffi su je su sha iska, Karna ya tuƙa su. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, duk rayuwarta a tsakanin duwatsu ta yi. Ta ce ta ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa. Ta ji tsoron igiyar ruwa, Karna ya goya ta ya shiga da ita har gwiwa, Aki yana bakin gaɓa riƙe da silifanta yana ta dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito. Suka ci gasasshen kifi, suka dawo bayan isha'i suka tarar ɗakin duk kashin agwagi, aka ce mantawa aka yi da ƙofa a buɗe.

"Ban taɓa yin rana mai daɗin wannan ba," ta ce.

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, har ya so ya yi shiru. Amma ya faɗa mata abin da aka yi da gidanta a ranar, cewa ranar ce Injiniya ta zo dubawa, da ma'anar koren allo. Ta saurara har ƙarshe, tana juya kofinta.

"Ashe ni ce haɗarin," ta ce. "Shi ya sa aka kai ni teku."

Ana haka aka yi sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Karna ne. Bai shigo ba, ya miƙo ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba ya ce, "Inna, ki ci ko kaɗan," ya juya. Nini ba ta ɗaga kai ba.

Da Sufeto ya fito, ya tsaya cak a dakali. Takalmansa da ya bari baki wajen ɗaki, yanzu a jere suke, dunduniya wajen ƙofa, baki wajen hanya.

Ya dubi Saje Iyus. Saje ya ce shi ko takalman ubansa bai taɓa juyawa ba.

Daga cikin ɗaki Nini ta yi magana. Ta ce Aki ne ya koya wa yaron, da tsumagiya ma, irin tarbiyyar makarantar allo: kada ka wuce takalman babba ba ka juya masa su ba. Yanzu hannunsa ne ke yi, shi bai ma san ya yi ba.

"Kin ga silifan da safe, Nini."

"Ni na fara isa wurin."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba kai nake jira ba, ɗana."

Ruwan sama ya ƙaru. Sufeto ya hau tudu ya tarar da Karna ya koma cikin kwale-kwale, ba hula ba lema, Geulis tana zagaye shi. Haji Momon da Injiniya suna fakewa a rumfa ta kusa. Sufeto ya tsuguna a bakin ruwa, ya yi magana kamar mai hira da maƙwabci.

"Ka juya mini takalma, Karna. Na gode."

Karna ya dubi hannunsa.

"Na Aki ma ka juya masa. Wanda santsi ya kwashe ba ya jera silifa." Sufeto ya share ruwa daga fuskarsa. "Ba zan ja ka da tambaya ba, lokaci ya ƙure. Inna ta ce ba za ta tashi ba sai wanda ya yi ya je ya faɗa mata da bakinsa. Ba za a buɗe ruwa tana can ba, tudun kuma ba zai jira ba. Ka san shi fiye da ni."

Karna ya dubi kifin. Sannan ya fara magana, muryarsa ba hawa ba sauka.

Ya ce katako Haji ne ya sa shi ya jera, raga kuwa shi ya ɗaura, don kada Geulis ta bi ruwa. Baba, wato Aki, ya yi masa magana sau da yawa, yana cewa bayan gasa. Yau da asuba ya ji ƙarar lauje a cikin hazo, ya tuƙo, ya tarar Baba a kan katako yana yanka ragar, Geulis kuma tana daf da inda ya yanka. Ya ɗaga filafilin tuƙi don ya kaɗe laujen. Hazo ne, bai ga daidai ba. Baba ya faɗa ta wajen zurfi, kafin ya lalubo shi rai ya yi halinsa. Sai ya goya shi ya sauka da shi kusa da gida, ya dawo ya ɗauko silifan da ya bari a kan tudu.

"Ragar fa? Kafin ka sauka da shi ka ɗinke, ko bayan?"

Karna ya rufe ido.

"Kafin."

Haji Momon ya fara cewa shi dai kowa ya ji ba ruwansa, Saje Iyus ya dafa kafaɗarsa ya ce akwai wuri a mota, za a je ofis a yi hirar agwagi da teku.

Sufeto da Karna suka sauka tare. Sufeto bai sa ankwa ba tukuna. Karna ya cire silifansa a dakali ya shiga da rarrafe, ya kifa goshi a gwiwar tsohuwar, ya faɗa mata duka, har maganar zaren. Sufeto yana tsaye a waje cikin ruwa, bai so jin komai ba amma gora ba ta riƙe magana. Bai ji muryar Nini ba ko sau ɗaya.

Can sai ta fito, da ƙunshin kaya a hannu da hoton aure a ƙarƙashin mayafi. Ta dubi Injiniya Nenden da ke riƙe mata lema.

"'Yar nan, idan ruwa ya sauka zan dawo gidana. Ki rubuta ja."

Injiniya ta ce ta riga ta rubuta a zuciyarta.

Matan ƙauye suka kora agwagi, suka hau da Nini zuwa kan hanya. Daga can aka ga ma'aikata sun yanke raga, sun zare katakon farko. Ruwa ya sauko magudana da wata irin ajiyar zuciya, ya cika ta, ya haura ya shiga ƙarƙashin gidan. Aka zare na biyu. A cikin jan ruwan wani abu mai ruwan zinariya ya gifta, ya juya sau ɗaya daidai ƙofar gidan, ya bi hanyar kogi. Injiniya ta ce tudun zai kai gobe, gyara kuma dole.

Karna bai ga kifin ba. Tun kafin a saki ruwa Sufeto ya leƙa ya kira shi, ya fito daga ɗakin ido jawur, ya miƙa hannuwa da kansa aka sa ankwa. Ya sunkuya zai nemi silifansa da ya watsar a dakali, sai ya tsaya.

A jere suke, dunduniya wajen ƙofa, baki wajen hanya. A wurinmu babba ba ya yi wa ƙarami haka, kuma ba wanda ya ga lokacin da Nini ta sunkuya.

Karna ya kasa zura ƙafa. Ya durƙusa ya ɗauke su da ɗaurarrun hannuwansa, ya rungume a ƙirji, ya bi Sufeto zuwa mota ba takalmi.